Hannun da Ya Sauke Jirgin

Tana tsaye a ƙarshen barandar ɗakin haihuwa, ta zare takalmi ɗaya ta ɗora ƙafar a kan ɗayar, shayi yana hucewa a hannunta. Haka take yi kullum idan ta miƙa aiki. Daga nan ana hango filin ƙananan jirage a bayan rufin gidaje, ana jin kukansu siriri kamar keken ɗinki a maƙwabta. Sai ta ga ɗaya ya ɗaga ya karkata fiffike, sannan take mayar da takalminta.

A asibiti Sista ake ce mata. A gida kuwa Auta ce har yau, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ɗanta na fari ma ya yi aure. Rabin yaran unguwarmu a tafin hannunta suka yi kukan farko. Ranar da ta ce za ta koyi tuƙin jirgi, babban yayanta ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ita da ke runtse ido in mota ta hau gada. Da ya ga ba wasa take ba, sai ya koma neman ya zaɓa mata makaranta, don a wurinsa auta ba ta zaɓe, sai dai a zaɓa mata. Ita kuwa ba yawon shan iska take nema ba. So take wata rana ta tashi jirgi ita kaɗai, ta dawo da shi ƙasa ita kaɗai.

Makarantu biyu ne a filin, kowace tana ba mai sha'awa tashin gwaji. Ta farko rumfar kwano ce mai warin man inji, jiragenta fenti ya koɗe, malaminta wani tsoho ne da ɗalibai ke kira Ɗaure-fuska. Ranar da ta je, kafin su shiga jirgin ya gaya mata dokarsa: sitiyari biyu ne a jirgin, nata da nasa, a haɗe suke, amma mutum ɗaya ke tuƙi, kuma da baki ake faɗin wanda ke riƙe. A sama ya sakar mata, jirgin ya yi ta lilo da su kamar guga a rijiya. Da suka doshi ƙasa ya ce ya karɓa, ta cire hannu. Bayan sun sauka ya ce hannunta ya yi nauyi, tana damƙar sitiyari kamar jariri mai santsi, kuma wanda ya fara da girma yakan daɗe kafin ya iya. Bai yi mata alkawarin komai ba. Ta koma gida tana huci.

Ta biyu, wadda Yaya ya zaɓa, ginin gilashi ce mai sanyi da kujerun fata. Yarinyar da ke kan tebur ta leƙa bayanta, ta ce mata Mama, ina yaron da za a yi wa rajista. Malamin saurayi ne mai farar riga, bakinsa kamar zuma. Tun daga ƙasa yake yabonta, a sama ya ce kamar a cikin jirgi aka haife ta. Suka gangaro, tayoyi suka taɓa titi a hankali kamar an ajiye ƙwai a kan auduga. Ya tafa, ya ce ita ta sauke shi, tun da yake bai taɓa ganin irinta ba.

Wa zai ƙi jin haka? Ta yi kwanaki tana tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukarta. Yaya ya baza labari a dangi, har yana cewa dama shi ya fara ganin baiwar.

Amma hannu ba ya ruɗuwa da daɗin baki. Wata safiya tana nuna wa wata ɗalibar jinya yadda ake laluben kwanciyar ɗa a ciki, ta ɗora tafinta a kan na yarinyar, ta ce mata wannan dannawar tawa ce, ba taki ba, yanzu ke gwada. Nan take ta tuna. A daidai saukar nan sitiyarin ya ja baya da kansa a ƙarƙashin yatsunta, tun kafin ta yi tunanin ja. Ta ji shi a lokacin, ta ƙi yarda ne kawai.

Wannan ita ce ƙaryar da ke ci mini rai. Zagi yakan bar mutum da ƙafafunsa. Irin wannan yabon kuwa yana ɗaukar mace mai hankali ne ya ɗora ta a inda babu abin takawa, don kawai ta dawo ta sa hannu a takarda.

Ranar rajista tare da Yaya suka je ginin gilashin, ya sha babbar riga. Manajan makarantar ya turo mata biro, saurayin yana tsaye jikin taga. Ba ta taɓa biron ba. Ta dubi saurayin ta ce, “Ɗana, ran nan wa ya sauke jirgin?”

Ya dubi takalminsa. Manajan ne ya amsa, da murmushin lallashin yaro. Ya ce haka suke yi wa duk manya a tashin farko, ƙarfafa gwiwa ne, ba cuta ba. Ya ce masu shekarunta galibi nishaɗi ke kawo su, su ɗauki hoto su nuna wa jikoki, zancen lasisi kuma sai a bi shi a hankali. Ya ce a kullum akwai hannun malami a kusa, me zai dame ta?

“Ran da zan tashi ni kaɗai fa,” in ji ta, “hannun wa zai kasance a kusa?”

Manajan ya sake turo mata biron, a nan ta gane ba su taɓa sa ran wannan ranar za ta zo ba.

Yaya ya matso, ya rage murya. Ya ce Auta kada ta ba shi kunya a gaban mutane, an karrama ta, an ba ta kujera, me kuma take so? Ya ce wancan tsohon ko ruwa bai ba ta ba.

“Bai ba ni ruwa ba, Yaya. Amma ya gaya mini ban iya ba, kuma gaskiya ce.”

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta rataya jakarta. Yaya ya tambaye ta ina kuma za ta. Ta ce rumfar kwano, in ya gaji da jira ya tafi da motarsa, za ta hau ta haya. Ƙofar gilashin mai nauyi ce, ta sa kafaɗa ta ture ta, ta fita.