Ƙwayar Yaya Lami

Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wasu na cewa girman kai ne. Ina fa. Kansar mama ce ta kwantar da ni.

Ina wanka na taɓa wani ɗan ƙululu, ba ya ko zafi. Daga Tafoki aka tura mu Zariya, aka yanki 'yar tsoka aka kai ɗakin gwaji. Lokacin ana ta cewa ƙasa ta yi kuɗin mai, mu dai sai da maigidana ya sayar da shanun huɗa.

A layin ganin likita na haɗu da Yaya Lami, mutuniyar Mabai. Ciwonmu ɗaya, duk aka yi mana aiki. Da sakamakon gwaji ya fito, ita aka ba ta 'yar ƙwaya, ɗaya kullum, ta tafi gida. Ni aka ce sai ruwan magani ta jijiya.

Wallahi na ji haushinta. Gashina ya zube tas, ko ƙanshin daddawa na ji sai amai. Ita kuwa ta zo dubiya da sabon kitso, har da lalle. Ina amsa gaisuwarta ina hararar kanta, ina cewa a raina, ita ɗiyar wa ce?

Kun san mu da magani, kamar gishiri ne, ba a hana maƙwabciya. Ta kwance bakin zanenta ta zuba mani rabin nata.

"Sha ki huta da ruwan nan, ƙanwata."

Na yanke shawara na gama da ruwan. Na je yi ma likita sallama, na nuna mashi ƙwayar, na ce Yaya Lami ce ta ba ni.

Ya ce, "Malama Hinde, abin da gwajin ya duba ke nan. Ƙululun nata da sinadarin jikin mace yake girma, ƙwayar ke hana shi samu. Naki bai damu da wannan ba. Ko buhu kika shanye ba ta yi maki komai, ita kuma kin bar ta ba magani."

Na mayar mata da abinta. Na koma na miƙa hannu aka ɗaura ruwan, ina kuka, kuma haushin bai tafi ba.

Alhamdu lillahi, yanzu hoto ya nuna ba sauran komai. Na gode ma maigidana, na gode maku da addu'a.

Mata, in kun ji ƙululu ku je asibiti da wuri, ku tambayi abin da gwajin tsoka ya ce. Ki ari zane, ki ari tukunya, amma kada ki amshi ƙwayar wata, ko da tana sonki kamar yadda Yaya Lami ta so ni lokacin da ba ni ko son ganin fuskarta.