Ranar Da Muka Kai Baba Ganin Birni

Likitan bai ɗauki lokaci ba. Ya haska idon Baba na dama, ya haska na hagu, sannan ya ce wa Yaya ya fita da shi su zauna a benci. Ni ya tsayar, saboda ni ce malamar makaranta a gidanmu, kuma katin asibitin a hannuna yake. Ya ce ciwon ya daɗe yana cin jijiyar ido a ɓoye. Na dama ya riga ya tafi, na hagu saura kaɗan, shi ma ba zai jima ba. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Na ce, "To." Ya ce ko ina da tambaya? Na ce babu. Na ninke takardar na sa a jaka.

Tun bayan asuba muka taso daga ƙauyenmu, gabas da Ɗambatta, mu huɗu: ni, da Baba, da Inna, da Yaya, babban wanmu, wanda ya aro motar abokinsa. Farkon damina ne, gero ya fara kai gwiwa. Kwana da kwanaki Baba yana cewa tunda za a shiga birni, in an gama da asibiti sai a zaga da shi. Ya yi shekara fiye da arba'in yana shiga Kano, amma daga tasha sai kasuwa, ya sauke gyaɗa ya koma. Bai taɓa hawa dutsen Dala ba. Inna har dambun zogale ta zubo mana a kula saboda wannan yawo.

Da na fito, Baba ya juyo wajen takun takalmina.

"Me ya ce?"

"Ya ce a ci gaba da ɗiga magani, Baba."

"Madalla. To mu je."

Yaya ya kalle ni ta madubin mota sau biyu. Na mai da fuskata taga.

Gidan tarihi muka fara zuwa, wani tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da ɗakuna masu sanyi da duhu. Wani mutum mai farar taguwa ya shige gaba yana bayani da muryar wanda ya haddace. A cikin wannan duhu na san Baba ba ya ganin komai, amma yana ta gyaɗa kai yana cewa "Ikon Allah." Ni ce nake riƙe da hannun rigarsa. In mun tsaya gaban gilashi sai in karanta masa rubutun: sulke, kwari da baka, tsohuwar bindiga. Bakina yana karantawa, amma da za a tambaye ni bayan minti ɗaya abin da na faɗa, da ban sani ba.

A wani ɗaki akwai ƙatuwar ƙofar ƙarfe, irin wadda ake rufe gari da ita a zamanin da. Baba ya miƙa hannu ya shafa. Mai bayani ya ce, "Alhaji, ba a taɓawa." Sai ya dubi idon Baba da kyau, ya kau da kai. Baba ya bi ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wanda ya ƙera wannan ya ci tuwo ya ƙoshi," in ji shi.

Can ƙurya Inna ta hango dutsen niƙa da randa, an kewaye su da igiya. Ta tafa hannu, ta juya wajen Baba.

"Malam, ashe kayan tarihi gare ni a tsakar gida ban sani ba! Wallahi nawa dutsen ya fi wannan kyau."

Suka yi dariya, har mai bayani. Na ji dariyar kamar daga gidan maƙwabta take fitowa. Abin da nake kallo wata tsaka ce a jikin azara, ta tsaya cak, ban ga ta motsa ba har muka fita.

Muka bi ta gefen ganuwa. Wani wurin tana nan tsaye, wani wurin ta zama tudun ƙasa, awaki na kiwo a kai. Yaya ya tsaya a gindin wata bishiya muka ci dambu. Na ci nawa duka. Ban ji gishiri ba, ban ji yaji ba, na wanke hannu.

Bayan azahar muka isa gindin Dala. Inna ta ɗaga kai ta ga matakala, ta ce gwiwarta ba za ta kai ta ba, a gaishe mata da na sama. Muka bar ta a mota. Yaya ya kama Baba ta dama, ni ta hagu. A kowace tsayawa sai Baba ya ce bai gaji ba, mu ne ragwaye. Igiyar takalmina ta kwance a hanya, na ci gaba da jan ƙafa a haka.

A sama akwai iska. Birni ya baje ta ko'ina, rufin kwano sabo da mai tsatsa, hasumiyoyin masallatai, hayaƙi daga nesa. Baba ya juya kansa gefe don ya yi amfani da idon hagu. Ya daɗe a haka.

"Faɗa min, 'yar malama."

Na faɗa masa. Ga kasuwa can, ga wancan dutsen na biyu, ga titin da muka biyo. Muryata daidai take, irin wadda nake kiran sunayen yara da ita a aji.

"Ina arewa?"

Yaya ya kama kafaɗarsa ya juya shi. Baba ya fuskanci wajen gida, inda babu abin gani sai hazon zafi.

"Kai," ya ce wa Yaya, "gonar fadama, bana kai za ka riƙe ta. Kada ka sa masara a gefen rafi, ruwa na kwanciya. Shanun huɗa kuma ka bar su wajen ƙaninka, shi suka sani."

Yaya ya ce, "Baba, ai kana nan."

"Ina nan mana. Wa ya ce zan tafi?"

Yaya ya juya baya yana goge fuska da hularsa. Ni na tsuguna na ɗaure igiyar takalmi. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ko zafi ko nauyi, babu abin da ya zo. Wasu 'yan mata suka roƙe ni in ɗauke su hoto da wayarsu, na ɗauke su, har na ce su matso kusa da juna.

Saukowa ta fi hawa wuya. Baba ya riƙa laluben kowace matakala da ƙafa kafin ya taka.

A hanyar gida Inna ta yi barci, Baba yana jan carbi. Da muka tsaya sallar la'asar na ja Yaya bayan mota na gaya masa abin da likita ya ce, kalma bayan kalma. Ya ce ya gane tun a benci. Inna sai bayan kwana uku na gaya mata, tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce in miƙo mata waccan ƙwaryar.

Idon hagu ya kai Baba har girbin shekara ta gaba. Kullum safe da yamma nake ɗiga masa magani kafin in tafi makaranta da bayan na dawo. Ranar da ya ce in daina wahalar da kaina, ba ya ganin ko hasken ƙofa, na rufe kwalbar na ajiye a kan taga, na ɗauki littattafan yara na fita, don ranar muna da jarrabawar lissafi.