Abin da ya rage a ordinatar Shekara

Duk wanda ya yi katin shaida a Matameye cikin shekarun nan, da wuya in ba Shekara ne ya ɗauke shi hoto ba. Rumfarsa na gefen tasha: farin ƙyalle a bango, benci ɗaya, da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da yake lulluɓewa da ɗankwalin matarsa. Manoman Dawce da Tsauni in sun zauna sai su sandare. Shi kuwa ya ce, "Baba, saki fuska, ba allura zan yi maka ba." Tare muka taso, tare muka bar lakwal, makarantar boko. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mutum murya ba.

Ba ya goge hoto. Ko wanda ya fito ido a rufe, ajiyewa yake, wai wata rana wani zai zo nema. Suna kuwa zuwa, yawanci bayan an yi rashi.

Ciwon kwana tara ya ɗauke shi bara da kaka. Ya bar matarsa Basira da cikin wata bakwai. Bayan an share makoki ta lura ba ta da hotonsa da za ta nuna wa abin da za ta haifa. Duk hotunan suna cikin ordinatar, wadda tun kafin ya kwanta ta daina tashi: a kunna, ta yi ƙara, allo baƙi.

Na kira wata Ummu Salma a Damagaram, mai aikin tsamo abin da ya maƙale a inji. Ta ce kada kowa ya taɓa, a ciro diskin kawai a kawo mata. Basira tana takaba, sai na ce ran Asabar zan kai.

Kafin Asabar yayansa Alhaji Illo ya zo duba kayan gado. Ya ce mataccen inji ba ya da kima. Ya kai wa wani mai gyaran waya a kasuwa, irin waɗanda maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta. Da la'asar ya dawo yana washe baki.

"Ta tashi! An formate ta, an share komai. Har finafinai ya zuba mana kyauta."

Na ce, "Alhaji, hotunan fa?"

"Wane hoto? Mamaci addu'a yake so."

Basira ta ce daga bayan labule, "Yaya, ko tambayata ba ka yi ba."

"To ke kin iya gyara ne?"

Fita na yi. Aikin shekara goma sha huɗu, fuskokin rabin gari, an share don a sa wa abu farashi, an jibge dambe da raye-raye a kai.

Da ƙyar ya ba ni diskin. Ummu Salma ta jona shi da nata injin kwana uku. Ta ce finafinan sun danne mafi yawa. Abin da ta tsamo ba suna, ba kwanan wata. Na zauna ina bi ɗaya bayan ɗaya: tsofaffi, ƴan lakwal, ragon sunan wani. Cikin dubu biyu da ɗoriya, Shekara sau ɗaya ya fito, ranar ɗaurin aurensa. Hula, goshi, idanu. Daga hanci zuwa ƙasa toka-toka ne kawai.

Na wanke shi na kai wa Basira. Ta daɗe tana kallo, ta shafa gefen takardar da yatsa.

"Ya isa," ta ce, ta dafa cikinta. "Bakin, ni zan faɗa masa yadda yake."