Ƙasar da Ta Ce In Ƙara Mata Ruwa

Jama'a, abin da za ni ba ku wallahi tallahi a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, wanda ya so ya yarda, wanda bai so ba ya bari. Shekarun baya ne, tun ana bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni lafiya lau, ina aiki da wasu masu shirin noman rani. Aikina in shiga gona in ɗebi ƙasa a gwada yadda take riƙe ruwa, da sakamakon ake zaɓen garin da za a ba injin ban-ruwa. Na gama Turba da Tozai, saura Alkalawa, kuma an gaya mini in ban kawo tasu da wuri ba, an tsallake su ke nan.

Mai gonar wani dattijo ne, Baba Nomau, gonarsa tana jikin kufan tsohon birnin da ke nan Alkalawa. Munka isa rana tsaka, zafin bazara kamar ya fasa kai, sai ya ce, "Ɗana, ɗebi ko'ina kaka so, amma bar tudun can. Tun kakana ba mu sa mai hauya." Na ce, "Baba, don mi?" Ya ce haka sunka ishe. Na ce to ni an ce in kawo ta kwari da ta tudu, in babu ɗaya ba a karɓa, kuma ba za ni bari garinku ya rasa inji saboda tudu ba. Ya girgiza kai ya koma gindin gawo ya zauna.

Na hau tudun na kafa zoben ƙarfen da muke zuba ruwa a ciki mu ga saurin shan ƙasa, na tuttula rabin jarka. Kai! Kafin in aje jarkar babu ko ɗigo, kuma ina jin ƙwat, ƙwat daga ƙasa, irin na mutumin da ke haɗiya. Sai wata murya busassa, ta tsoho, ta fito daga ƙarƙashin ƙafata ta ce, "Ƙara." Na waiga, babu kowa, Baba yana can nesa. Tsikar jikina ta tashi, amma ni dai Allah ya yi ni da taurin kai, na yi a'uziyya na ce da ƙarfi, "Ba ni ƙarawa! Sauran na mutane ne." Na haƙa na cika leda na ɗaure, na sauka na ɗebi ta kwari a wata ledar, na hau babur.

Tun a hanya ƙishi ya kama ni. Na tsaya in sha, na iske jarkar wayam, a bushe, murfi a rufe, ba ta huje ba. Na isa Sakkwato ina shan ruwa kamar raƙumi amma leɓɓana sai tsagewa suke yi. A ɗakin gwaji munka sa ƙasar tudun a mazubi munka auna, munka zuba mata ruwa muna jiran ya tsatso ta ƙasan mazubin, shiru, kuma nauyinta bai motsa ba. Malama Asabe, mai kula da ɗakin, ta canja sikeli, munka ƙara, munka ƙara, duk ɗaya. Ta ja baya ta ce, "Don girman Allah kwashe abin nan ka mayar inda ka ɗebo." Kawuna, malamin allo ne, shi ma da ya ga yadda idona ya faɗa haka ya ce.

Na ce za ni mayar, amma sai in aiki ya ƙare. Washegari da hantsi na shiga ɗakin, harshena kamar itace, na tsaya kan ƙasar nan na ce, "Ko kai wane ne, waɗanda ke noma bisanka rayayyu ne, su ma ƙishi suke ji. Ba ni gusawa sai ka saki ruwan nan." Malama Asabe tana bakin ƙofa tana salati. Can sai ɗigo ya faɗo, sai wani, sai ruwa ya ɓalle ya cika tebur ya malala har ƙafafunmu, ya fi wanda munka zuba nesa ba kusa ba, sanyi ƙalau kamar na rijiya, yana warin hayaƙi. Nan take na ji miyau ya dawo bakina.

Munka ce wa masu shirin ta tudu ba ta gwaduwa, ta kwari kuwa ta yi kyau, sunka karɓa haka, Alhamdu lillahi garin ya samu inji. Na kai ƙasar da hannuna na juye a raminta. Baba Nomau bai matso ba, sai da na sauko ya ce, "Mun gode da inji, ɗana. Amma tun ranar, in na aje goran ruwana cikin gonar ga, ina juyawa in ishe shi ba komi. Da can abin da ke tudun nan bai roƙo. Kai ka koya mai."

Har gobe ban san mene ne ba, kuma ban yi nadama ba, in an sake aikena za ni. Sai dai ku masu shiga gonakin mutane da kayan aiki, ku yi bisimilla kafin ku zuba wa ƙasar da ba ku sani ba ruwa, in kuwa kunka ji an ce ku ƙara, kar ku ƙara.