Ranar da Ɗan Majalisa Ya Sauko Tabarma

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da muka kai ziyara wani ƙauye a ƙasar Gwiwa ba, ana dab da zaɓen fidda gwani. Lokacin ina mataimaki na musamman ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu, yana neman zango na biyu. Ga waɗanda ba su sani ba, kafin babban zaɓe sai deliget, wato wakilan jam'iyya, sun tsayar da mutum. Idan suka juya masa baya shi ke nan, ni ma aikina ya bi ruwa.

Maigidan nawa ɗan sarauta ne, a fada ya tashi. A tarbiyyarsu babba ba ya yawan magana a bainar jama'a, fadawa ke amsawa a madadinsa. Ran nan kuwa wani tsohon bafaden mahaifinsa, Baba Dauda, ya nace sai ya raka mu. Ban so ba, amma wa ya isa ya hana wanda ya goyi maigida?

Aka ajiye wa maigida kujera, dagaci da manyan jam'iyya ma suka hau nasu, sauran jama'a, har da deliget, na tabarma. Shugaban jam'iyya na gundumar, Malam Sale, ya yi bayanin gadar da ruwa ya cinye, har mata masu naƙuda sai an zagaya da su a babur. Maigida na zaune, amawali a bakinsa. Baba Dauda ya ɗaga murya ya ce an ji, an gaishe su. Wani ya kawo kukan rashin taki, shi ma aka gaishe shi. Na ga fuskoki suna sauyawa.

Malam Sale ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba hakimi muka zaɓa ba. Gaisuwa muna da ita a gida. Bakin wakilinmu muka zo ji."

Deliget suka fara laluben takalmansu. Na ce a raina tamu ta ƙare.

Maigida ya sauke amawali, ya tuɓe takalmi, ya sauko ya zauna a tabarma. Ya ce, "Baba Dauda aikin gidanmu ya yi, kada ku ga laifinsa. Ni kuwa ku kuka ɗauke ni aiki. Malam Sale, maimaita mini maganar gadar."

Ba a zama sama da ɗan sarki. Nan take dagaci ya zame daga kujerarsa, manya suka bi shi. Baba Dauda ya duba bai ga inda ya fi tabarma ƙasa ba, sai ya zauna daɓas a turɓaya yana salati. Dariya ta ɓarke, har da Malam Sale. Masu shirin tafiya suka dawo.

Aka daɗe ana magana. Maigida ya faɗi abin da zai iya kaiwa zauren majalisa, ya faɗi wanda ya fi ƙarfinsa. Tikitin takarar kuwa mun same shi.

Ku da kuke shigowa aikin nan na taimaka wa 'yan siyasa, ku riƙe wannan. Mutanenmu suna girmama sarauta, za su durƙusa wa ɗan sarki da zuciya ɗaya. Amma ƙuri'arsu sai wanda ya buɗe baki ya amsa musu da kansa.