Musun Dambe a Ƙofar Gida

Jiya na ji ɗana da abokansa suna musu, wai ƙaramin ɗan dambe mai zafin nama zai iya kayar da ƙato. Sai na tuna kawuna, mahauci a nan unguwarmu ta Briqueterie. Ba ya son wannan musun ko kaɗan.

Wata rana an yi shi a rumfarsa, ina jiran nama cikin ƙarnin jini. Ya ajiye wuƙa ya ce, "Ƙanina ma a baki ya fara kayar da ƙato. Da suka shiga fili, gawarsa muka ɗauko."

Ɗan nawa siriri ne, kuma wani ƙato daga unguwar Mokolo ya nemi su kara, ya amsa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa yaron nan ya ji maganata.