Teburin Baba Halo

Shekara ashirin da shida Baba Halo ya yi a ɗakin haɗa layi na kamfanin wayar gwamnati, yana zare wannan igiya yana soka waccan. A lokacin kamfanin shi kaɗai ne, ba mai jin muryar ɗan'uwansa na nesa sai ta hannun Baba. Da gwamnati ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, waya ta shiga aljihun kowa, aka kulle ɗakin, aka sallame shi da agogon bango.

Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne mutum biyu su yi magana ba kowa a tsakani. Sai ya kafa tebur a bakin ƙofar falo, ya tattara wayoyin gidan guda biyar, ya jera su. Duk wadda ta yi ƙara shi zai ɗauka.

"Wa ake nema? A dakata."

Sannan ya taka a hankali ya kai wa mai ita.

An haƙura da shi wata uku, har ranar da yayar matarsa ta kira daga tashar mota a zo a ɗauke ta. Baba ya ce mata ita ce ta uku a layi, akwai tela da mai gyaran famfo a gabanta. Awa biyu ta yi a rana.

"Malam, gwamnati ma ta saki, kai ne za ka riƙe?" in ji matarsa, ta zare wayarta ta cusa a haɓar zane. Kafin la'asar 'ya'yansa sun kwashe nasu.

Washegari ya fito kamar kullum, ya goge teburin, ya zauna gaban tasa wayar, wadda ba mai kira. Haka ya yi kwana huɗu. Abinci ma sai ya taɓa ya ture.

Rana ta biyar wayar ta yi ƙara. Matarsa ce, daga kicin, yana ma jiyo muryarta ta taga.

"Don Allah a haɗa ni da maigidan."

Baba ya gyara zama. "A dakata."

Ya cire wayar daga kunnen dama, ya ƙirga goma, ya mayar da ita na hagu.

"Hajiya, ke ce? Kin yi sa'a, yau layin ba cunkoso."

"To taso, abincinka na hucewa."